SANKARAR BAKIN MAHAIFA: KADA A JIRA SAI MAIGIDA YA DAWO DAGA KURMI

Duk wanda ya taɓa zaman neman abinci a Kurmi ya san irin saƙon nan da kan zo daga gida. A da direban babbar mota ne ke kawo shi cikin ambulan, yau kuwa ta waya yake zuwa, amma maganar ba ta sake ba: uwargida ba ta jin daɗi, amma da sauƙi. Mutum yana tsaye kan buhunan albasa a Mile 12, ko yana cikin kara a Agege, ko yana Sabon Badun, ko Shagamu, ko Anacha, sai ya ce Allah Ya sawwaƙe, ya aika da ɗan abin da ya samu a sayo magani a kemis, ya ce a yi haƙuri, in ya zo Babbar Salla ya kai ta asibiti da kansa.

To, jama'a, akwai ciwon da ba ya jiran Salla. A kansa za mu yi magana yau, kuma da birnin Bauchi za mu buga misali, domin mutanen Bauchin Yakubu ba su da kaɗan a nan Kudu, ga shi kuwa abin da ya shafi Bauchi ya shafi Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi. Ciwon shi ne sankarar bakin mahaifa, wanda wasu ke kira dajin mahaifa.

YAWAN BARNARSA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata wajen 660,000 ne aka samu da wannan ciwo a duniya, ya kuma kashe kimanin 350,000. Abin lura shi ne, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka rasu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali suke. A Nijeriya kuwa, lissafin 2020 ya nuna mata wajen 12,000 suka kamu, wajen 8,000 suka rasu. Watau in an raba, kowace rana ta Allah sai an rufe mata fiye da 20 ta dalilinsa. In aka ɗauke sankarar mama, babu wata sankara da ta fi shi addabar matan ƙasar nan.

Yawancin waɗanda yake ɗauka ba 'yan mata ba ne, ba kuma tsofaffi tukuf ba. Mata ne masu shekara 35 zuwa 55, watau ginshiƙan gida, masu 'ya'ya a makaranta, masu riƙe da gida in maigida ya yi nisa.

MENE NE KE KAWO SHI

Bakin mahaifa shi ne ƙofar da ke ƙasan mahaifa, wadda kan buɗe lokacin naƙuda jariri ya fito. Wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, da ake kira HPV, ita ce ke kawo kusan dukkan wannan sankara. Wani masani Bajamushe mai suna Harald zur Hausen shi da abokan aikinsa suka gano iri biyu mafiya sharri, watau lamba 16 a 1983 da lamba 18 a 1984, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Waɗannan biyu su kaɗai ke haddasa kimanin kashi 70 cikin 100 na ciwon.

Ta wajen saduwa ake ɗaukar ƙwayar. A nan sai mu yi hattara da harshe, domin likitoci sun tabbatar kusan duk mai aure, namiji ko mace, sai ya gamu da ita ko sau ɗaya a rayuwarsa ba tare da ya sani ba. Namiji yakan ɗauke ta ba alama ko ɗaya a jikinsa. Tana iya kwanciya shekara da shekaru, tun daga auren fari, ko ta bi ta kan miji daga wannan ɗaki zuwa wancan. Saboda haka samun ta a jikin mace ba shaidar lalata ba ce, kuma wanda ya tuhumi matarsa a kan haka ya zalunce ta. Amma fa wanda ya yi nisa da iyali ya kama kansa, don abin da ya kwaso a waje ba a aljihu yake tsayawa ba.

A wajen mata 9 cikin 10 jiki da kansa yake kashe ƙwayar cikin shekara biyu. A wajen 'yan kaɗan ne take maƙalewa, ta riƙa sauya fatar bakin mahaifa sannu a hankali. Daga nan zuwa ta zama sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. In garkuwar jiki ta yi rauni, kamar mai ɗauke da ƙwayar ƙanjamau wadda ba ta shan magani, abin yakan gajarta zuwa shekara 5 ko 10, kuma haɗarin irin waɗannan mata ya ninka na sauran har sau 6. Aure da ƙananan shekaru, da yawan haihuwa, da shan taba, duk suna ƙara haɗarin.

Wannan doguwar tazara ita ce rahamar da ke cikin al'amarin. Ciwo ne da ke ba da wa'adi na shekaru kafin ya kama. Sai dai a duk tsawon wa'adin nan mace ba ta jin komai. Ba zafi, ba jini, ba zazzaɓi. In ba dubawa aka yi ba, ba wanda zai sani.

JININ CIWO BA NA MALAM KAƊAI BA NE

Matanmu, alhamdu lillahi, sun san bambancin jinin haila da na biƙi da na ciwo, watau istihala. Mace a Jahun ko Bakin Kura ko Yalwa in ta ga jini ba lokacinsa ba, takan aika a tambayi malam ko malamar Islamiyya, shin za ta yi salla ko za ta bari. A ba ta amsa daidai, ta yi wanka ta ci gaba da ibadarta, shi ke nan magana ta mutu. An warware hukuncin salla, amma ba a tambayi inda jinin yake fitowa ba.

Alhali kuwa alamomin farko na wannan sankara ke nan: jini bayan saduwa, jini tsakanin haila da haila, jini bayan mace ta daina haila ɗungum, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani. In ciwo ya yi nisa sai ciwon baya da na mara, da kumburin ƙafa, da rama, wani lokaci har da yoyon fitsari ko toshewar ƙoda. Ba duk jini ne sankara ba, amma ba mai iya rabewa sai wanda ya duba. Muna roƙon malamanmu, in sun gama ba da fatawa su ƙara kalma ɗaya: a je asibiti.

Akwai kuma maganar nan da ta zauna a bakin mutane, wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, da an taɓa shi sai ya bazu. Asalin wannan zance ba wuyar ganewa. Mutane sun ga an kai mara lafiya asibiti, an yi mata aiki, ba ta daɗe ba ta cika. Abin da ba su gani ba shi ne watannin da aka ɓata a gida ana jiƙe-jiƙe da hayaƙi, har ciwo ya gama cin jiki. Binciken da likitoci suka yi a manyan asibitocin Arewa, kamar na Zariya da na Kano, ya sha nuna cewa mafi yawan masu wannan ciwo ba sa zuwa sai ya riga ya yi nisa. Jinkiri ne ya yi kisan, aka ɗora wa ƙarfe.

YADDA AKE DUBAWA

Hanya uku ake bi. Ta farko ita ce tsohuwar hanya da ake kira awon Pap, sunan likitan nan George Papanicolaou, haifaffen Girka da ya yi aiki a Amurka, wanda aikinsa ya bazu tun wajen 1943. Ana shafo ɗan abu daga bakin mahaifa a kai ɗakin bincike a duba da madubin likita. Da wannan awo Ingila da Amurka suka karya lagon ciwon. Amma yana bukatar ƙwararru da kayan aiki, kuma sai mace ta koma karɓar sakamako, wanda a wajenmu da yawa in sun tafi ba sa komawa.

Ta biyu ita ce wadda aka tsara domin wurare irin namu, inda kuɗi da likitoci suka yi ƙaranci. Nas ko ungozoma da aka horar takan sa ɗan abin buɗawa mai kama da bakin agwagwa, ta shafa ruwan tsami irin na binega, wanda wasu ke ce wa ruwan khal, a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, ta haska fitila. In akwai wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. Nan take za a gaya wa mace sakamako. Ba yanka, ba allurar barci, ba kwanciya, kuma duka aikin bai fi 'yan mintoci ba. Kada a raina wannan hanya don arahar ta. A birnin Mumbai na Indiya an bi mata wajen 150,000 shekara da shekaru, sakamakon da aka bayyana a 2013 ya nuna awon ruwan tsami ya rage mace-mace da kashi 31 cikin 100, kuma ba likitoci ne suka yi awon ba, mata ne 'yan unguwa da aka koya wa aikin. Ƙasar Zambiya ma tun 2006 nas-nas ke gudanar da irinsa a ƙananan asibitoci.

Ta uku ita ce neman ƙwayar HPV ɗin kanta da na'ura, kuma ita ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita a ƙa'idojinta na 2021. Wani bincike a gundumar Osmanabad ta Indiya, da aka buga a 2009, ya nuna awo ɗaya tak irin wannan ya rage mutuwa da kusan rabi. Daɗin abin, mace tana iya ɗaukar samfurin da hannunta da ɗan tsinke mai auduga, a bayan labule, ba wanda ya ga tsiraicinta. In an ce an ga ƙwayar, ba a ce sankara ba ce, an ce dai a ƙara dubawa.

Ƙa'ida ita ce mace ta fara awo daga shekara 30. In na HPV ne ta maimaita bayan shekara 5 zuwa 10, in na ruwan tsami ne ko na Pap bayan shekara 3. Mai ɗauke da ƙwayar ƙanjamau ta fara tun daga 25, ta kuma fi yawaita zuwa. Wadda ta haura 50 awon ruwan tsami bai cika yi mata amfani ba, sai ɗaya daga cikin sauran biyun.

A GANI, A MAGANCE, RANA ƊAYA

In an ga farin tabon nan tun bai zama sankara ba, maganinsa ba wuya. Akwai 'yar na'ura mai batir wadda ba ta fi babbar tocila ba. Ana ɗora kanta mai zafin digiri 100 a kan tabon na kamar rabin minti, sai wurin da ya lalace ya mutu, sabuwar fata ta tsiro. Akwai kuma ta sanyi, mai daskarar da wurin da iskar gas, sai dai gas ɗin yana wuyar samu, shi ya sa aka fi komawa ga ta zafi. In tabon yana da faɗi ko ya shige ciki, likita kan shafce shi da wata 'yar waya mai lantarki a babban asibiti.

Ba cire mahaifa ake yi ba, kuma ba ya hana haihuwa. Mace za ta koma gida da ƙafarta ran nan. Za ta riƙa ganin ruwa-ruwa na 'yan makonni, za a ce maigida ya ƙaurace mata mako huɗu, sa'an nan ta koma bayan shekara a sake dubawa. Iyakar wahalar ke nan.

Yanzu a gwada wannan da halin wadda aka kawo a makare. A birnin Bauchi akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, watau tsohon Asibitin Ƙwararru da Gwamnatin Tarayya ta karɓa, inda ake da sashen cututtukan mata da ɗakin binciken tsoka. Nan ake turo mata daga Dass da Toro da Alkaleri da Darazo da Ningi. In sankara tana matakin farko ana iya yin tiyata. In ta wuce nan kuwa sai gashin na'ura, watau haske mai ƙarfi da ake haska wa ciwon, tare da ƙarin ruwan magani. Wannan aiki ne na kwana biyar a mako, har mako biyar ko fiye, kuma asibitocin da ke da na'urar a duk faɗin Nijeriya ƙidayayyu ne, irin su na Shika a Zariya, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, da na Badun, da na Idi Araba a Ikko. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga abinci, ga mai jinya, ga layi. Gonaki da shanu nawa suka tafi a wannan hanya, Allah kaɗai Ya sani.

A 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara wani asusu na tallafa wa marasa galihu masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, aka fara da asibitoci 6, ciki har da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, wanda ke da nisan kimanin kilomita 150 daga Bauchi. Wanda abin ya sama ya tambayi likitansa yadda ake shiga. Amma ko da kuɗi, lokaci shi ne babba. Ƙididdigar Amurka, inda kayan aiki ya wadata, ta nuna in an kama ciwon bai fita daga bakin mahaifa ba, mata 9 cikin 10 suna nan da rai bayan shekara 5. In ya bazu zuwa sassan jiki na nesa kuwa, sai wajen 2 cikin 10. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

RIGAKAFIN 'YAN MATA

Ranar 24 ga Oktoba 2023 Nijeriya ta shigar da allurar rigakafin HPV cikin jerin alluran da ake yi kyauta, domin 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, da niyyar kai wa ga miliyan 7.7. Jihar Bauchi na cikin rukunin farko, haka ma Kano da Jigawa da Ikko da Ogun, sauran jihohi kuma suka biyo baya a watan Mayu 2024. Ministan Lafiya da aka ƙaddamar da shirin a hannunsa, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau ne a Jihar Bauchi. Allura ɗaya ce tak, a damtse.

Mun san abin da ake faɗa a majalisu, wai dabara ce ta hana haihuwa. Irin wannan magana aka yi kan allurar shan inna a 2003, aka dakatar da ita a wasu jihohin Arewa, ciwon ya sake bazuwa, yara suka nakasa, sai a 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Ita wannan allura tun 2006 ake yin ta a duniya, ƙasashe fiye da 100 suna yi wa 'ya'yansu, har da ƙasashen Musulmi irin su Malesiya. Ruwanda ta fara tun 2011, Ostareliya kuwa tana sa ran kawar da ciwon nan da 2035. 'Yan matan da aka fara yi wa yau iyaye ne. Dalilin zaɓen ƙananan yara kuwa shi ne allurar tana tare ƙwayar ce kafin ta shiga, ba ta korar wadda ta riga ta zauna. Saboda haka 'ya ta yi allura, uwa ta yi awo.

Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar ranar 17 ga Nuwamba 2020 yana neman kafin 2030 a yi wa kashi 90 na 'yan mata allura kafin su cika 15, a auna kashi 70 na mata a shekara 35 a kuma sake a 45, a magance kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala. Hukuma na iya kawo na'ura ta horar da nas, amma ba ta iya shiga gidan mutum ta fito da matarsa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

A nan ne magana ta dawo kanmu, mu mazauna Kurmi. Matar kirki ba ta fita sai da izinin miji, kuma ba ta iya buɗe baki ta gaya wa ƙanin miji ko suruki cewa tana ganin jini. Ko a waya ma, in yara na kusa, iyakarta ta ce da sauƙi. In izini yana Ikko, kuɗi yana Ikko, ita kuwa tana Fadaman Mada, to wa zai kai ta?

Shawararmu ita ce kada a jira ciwo. Yau ɗin nan, in ka kira gida, ka ba da izini tsayayye: duk ran da aka ga abin da ba a gane ba, a tafi asibiti ba sai an neme ka ba. Ka ware kuɗin mota da na kati ka damƙa a hannunta, ba a hannun wani ba. Ka nemi yayarta ko gwaggonta ko wata aminiya ta raka ta. In ta kai 30 ba ta taɓa awo ba, ta je ko da lafiyarta ƙalau, ta tambaya a ɗakin awon ciki ko na tsarin iyali na asibitin da ya fi kusa, in ba sa yi za su nuna mata inda ake yi. Tana da damar ta ce mace take so ta duba ta. Mai mata biyu ko uku ya tura su duka, a yi adalci har a nan. Kada kuma a manta da mahaifiya da 'yan'uwa mata da zawarawan gida.

In an ce ta dawo, ko an tura ta babban asibiti, kada a ce sai bayan girbi ko sai kasuwa ta yi kyau. Mata da yawa a tsakanin takardar turawa da ƙofar babban asibiti suke ɓacewa.

Wanda kuwa iyalinsa na tare da shi a nan, hanya ta fi sauƙi. Mutanenmu na Idi Araba katanga ce kawai tsakaninsu da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko, na Sabo da Shasha ga Asibitin Koyarwa na Badun. Kada rashin Turanci ko Yarabanci ya hana, a tafi da yarinya 'yar makaranta ta yi tafinta. Sarakunan Hausawa na zango-zango da shugabannin kasuwa da limamai su ma suna da rawar takawa: su nemi ma'aikatan lafiya mata su zo unguwa, a ware rana ɗaya a duba matan zango a wuri mai sutura. Ƙungiyoyinmu da ke tara kuɗin kai gawa gida, su ware wani abu na kai mai rai asibiti.

Ku kuma iyayenmu mata da ke karanta wannan, ko ake karanta muku, kunya ado ce, amma ba a gaban ciwo ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba, a gidan biki da gidan suna da Islamiyya.

Mun baro gida ne don iyali su zauna cikin rufin asiri. Ba riba ba ce mutum ya shekara yana tara kuɗi a Kurmi, ya koma ya zube su a jinyar da kuɗin mota zuwa asibiti zai iya tarewa shekara 10 da suka wuce. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya mai da kowa gida ya tarar da iyalinsa lafiya, amin.